Babur Mai Tafiyar Jaki

Ni fa ba ni na kai kaina ba. Ina zaune a bakin rumfar mai shayi, na miƙe ƙafa, ina koya wa wani sabon zuwa daga Nijar yadda ake zagin direban bas da Larabci ba tare da an sha mari ba, sai ga ƙanwata wai Inna na kira. A gidanmu in Inna ta yi kira da hantsi, to ko dai an gano abin da ka ɓoye, ko an samo maka aikin da ko sannu ba za a ce maka ba.

Na tarar da ita tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kawunka ya sayi babur."

"Wane kawun?"

"Kana da wani bayan shi?"

"Inna, Kawu fa ko keke bai taɓa hawa ba."

"Shi ya sa za ka je. Ba kai ne gwanin hawa baburan mutane ba da izininsu ba? Yau ga na halas. Yalla, tashi."

Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ga-ruwa ne, abin da mutanen Jidda ke ce wa saƙƙa. A farkon shekarun saba'in ɗin nan unguwarmu Kurayyat ba ta zama abin da kuke gani yanzu ba. Rairayi ne da gidajen langa-langa da na katakon akwati, lunguna kamar hanjin kaza, famfo kuwa sai a bazan, wato wurin da ake ɗibar ruwa na unguwa. Motar tanki ba ta shiga lungunanmu, in ta gwada sai an kira wata ta jawo ta. Don haka Kawu ke cika duro a bazan, duron na kwance a kan amalanke, jakinsa na ja, shi kuma yana tsiyaya a garwa yana shiga gida-gida yana cika randuna. Tun kafin a haife ni haka yake.

To, jakin ne ya tsufa. Wata rana ya durƙusa a tsakiyar lungu da kaya a bayansa, ya ƙi tashi sai da aka kwance masa amalanken. Kawu ya kai shi gida, ya ɗaure shi a inuwa, ya ce ya gama nasa. Sabon jaki kuma ba abin wasa ba ne a lokacin, don an shimfiɗa kwalta tsakanin bazan da unguwa, manyan motoci na wucewa suna huci, ɗanyen jaki sai ya yi shekara kafin ya daina zabura. Kawu ya ce ba shi da ƙarfin kokawa da yaro.

Su kuma 'yan ga-ruwa suna da tsarinsu. Kowa da lungunansa. In ka kwanta ciwo 'yan'uwa za su riƙe maka, amma ba har abada ba. Babbansu na bazan ya kira Kawu ya gaya masa a hankali cewa azumi na tafe, ruwan azumi kuma ba a yin sa da aro. In an ga wata bai dawo ba, za a raba lungunansa ga masu ƙarfi.

Mutum ɗaya ne wannan labari ya yi wa daɗi, babban ɗan Kawu. Akawu ne a tashar jirgin ruwa, kullum cikin farar riga, da alƙalami a aljihu ko da wanka za shi. Taubashina ne, don haka ina da lasisin tsokanarsa, Afandi nake ce masa. Ya daɗe yana so ubansa ya zauna a gida. Har kujera ya saya masa, mai igiyar roba, ya ajiye a ƙofar gida. Kawu bai taɓa zama a kanta ba, a kai yake shanya buhunan da yake rufe duro.

Babur ɗin kuwa a wurin wani abokinsa Kawu ya samo, mai gadin gidan wani Bature da ya gama aiki ya koma ƙasarsu ya bar masa. Da na gan shi a tsakar gidan Kawu sai da na zagaya shi ina kallo. Ƙirar Ingila, tsoho, ya girme wa ƙanwata. Dogon ƙafa kamar ɗan maraƙi, cikinsa a ɗage sama, sirdi ɗan mitsitsi, tayoyi masu ƙuraje. Ba fitila, ba hon. Mai gadin ya ce Baturen ba ya zuwa ko'ina da shi. Ranar Juma'a kawai yake ɗora shi a mota, ya tafi duwatsun hanyar Makka, ya yi ta hawa dutse a tsaye a kan babur, a hankali a hankali, wai gwaninta ita ce kada ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Na ce lalle wasu mutane ba su san wahala ba sai sun je nemanta.

Nan take na ƙulla shirina. Da safe babur na Kawu ne, da yamma nawa ne. Na hango kaina a bakin teku, hula a karkace, iska na kaɗa rigata.

Muka ɗaura amalanken da igiya a bayan sirdi, muka cika duro, na buga kik. Ƙarar da ya yi sai da kajin maƙwabta suka bar gari. Na sa giya ɗaya, na saki kuloci a hankali, ya mutu. Na sake bugawa, na ƙara wuta, ya fizge. Duro ya yi gaba, ruwan ciki ya yi baya, amalanke ya shiga rawa, ni kuma na tsinci kaina rungume da dangar wani Bayamane. Kawu ya zo ya duba duron, ya shafa shi, sannan ya tuna da ni.

"Ka mutu?"

"Saura kaɗan, Kawu."

"To tashi. Wannan abin sauri gare shi. A rage masa."

Haka muka tura shi har unguwar Mahjar, wurin Usta. Usta bakanike ne, Bahaushen Sudan, dogo, ba ya gaggawa ko da shagonsa ne ke cin wuta. Na taɓa yi masa yaran shago na ɗan lokaci kafin mu rabu a kan wata sifana da har yau ban san inda ta shiga ba. Ya saurari Kawu yana kurɓar shayi, sannan ya tsuguna ya nuna mana sarƙa da fayafayen ƙarfe biyu masu haƙora da take bi ta kansu, ƙarami a jikin inji, babba a tayar baya. Tirsi yake ce musu.

"Kai ɗan boko," ya ce da ni, don ya san a aji huɗu na yi sallama da makaranta, "in muna son ƙarfi, ba ma son gudu, me za mu yi?"

"Mai sauƙi. A ƙara wa duka biyun girma. Babba ai shi ne mai ƙarfi."

"Ya zol, da ka ƙarasa aji biyar."

Ya ɗage tayar baya a kan wani kututture, ya sa alli a jikinta, ya ce in juya ƙaramin da hannu in ga sau nawa zai zagaya kafin allin ya dawo. Na juya, na juya, alli ya dawo. Ya ce to, in na baya ya ƙara girma, ko na gaba ya ƙanƙance, injin zai yi ta juyi da yawa taya na tafiya kaɗan. Gudu ya ragu, ƙarfin ja ya ƙaru. In ka ƙara wa duka biyun, ka yi wahalar banza, kana nan inda kake.

Kawu ya gyaɗa kai. "Kamar ɗaukar ruwa garwa-garwa maimakon ka rungumi duro."

"Haka ne, Alhaji."

"Ni ma abin da nake nufi ke nan," na ce. Ba wanda ya kula ni.

Samun babban tirsin shi ne aiki. Ba a sayar da irinsa a shago, don ba mahaukacin da ke zuwa neman abin da zai hana babur gudu. Ni aka tura wurin 'yan gwangwan da guntun sarƙa a aljihu, duk faifan da na gani in ɗora masa in ga ko haƙoran sun zauna. Na yi kwanaki ina tonon ƙarafa a rana, na dawo kamar wanda aka soya. A ƙarshe na samo shi a jikin gawar wata mota mai ƙafa uku, irin ta masu kai burodi, faɗinsa kamar tiren shayi. Usta ya yanke tsakiyarsa, ya huda ramuka daidai da na tsohon, ya ɗaure da noti. Ya yi ta juya taya yana kallo da ido ɗaya, in ya ga ya yi gefe ya kwance ya sa 'yar takardar gwangwani a ƙarƙashi ya sake ɗaurewa. Sarƙa ta gaza, aka yi mata ƙari. Murfin sarƙa ya ƙi komawa, aka jefar da shi bayan shago.

Ranar gwaji Kawu ya zo da jakin. Tun daga Kurayyat ya tako da shi, ba kaya, suna tafe suna hutawa.

Usta ya dube su. "Alhaji, wannan fa?"

"Ba aiki zai yi ba. Shaida zai bayar."

Wai ma'auni ne. Aka ja layi a ƙasa, aka jera ni da jaki. Kawu ya yi masa 'yar ƙarar da yake yi da harshe, jaki ya ɗaga ƙafa, ni kuma na saki kuloci ba tare da na taɓa totur ba. Babur ya tafi lafiya lau, bai mutu ba, bai fizga ba. Na ji daɗi. Kafin mu kai ƙarshen fili na waiwaya na ga jaki can baya yana kallona kamar ya san ubana.

"Ya wuce shi," in ji Kawu.

"Kawu, babur ne fa. In bai wuce jaki ba ai an cuce ka."

"Ya wuce shi."

Usta ya ce saura na gaban. Ya gargaɗi Kawu cewa in ya ƙanƙance da yawa zai riƙa cin sarƙa, sai an riƙa shafa mata mai kullum ana wanke mata rairayi. Kawu ya ce wanda ya shekara talatin yana cire wa jaki kaska ba zai gaza shafa wa sarƙa mai ba. Aka sa ƙarami, mafi ƙanƙanta da zai shiga. Aka sake jera mu. Wannan karon kunnen jaki na daidai gwiwata daga farko har ƙarshe. Har ya miƙo baki ya shinshini wandona. Kawu ya yi murmushi, abin da ba kasafai yake yi ba.

Ni kuwa na ce bari in ga abin da ya rage mini. Na kwance amalanke, na hau kwalta, na sa giyar ƙarshe, na murɗe totur har ya tsaya. Injin na kururuwa kamar ana yanka shi, hannuna na karkarwa, idona na hawaye, na ce yau na tashi sama. Sai ga wani yaro a kan keke ya zo ya wuce ni, hannu ɗaya a kan keken, ɗayan riƙe da burodi yana ci. Har ya yi mini sallama. A nan na binne maganar bakin teku.

Na dawo na ce to Kawu, bismilla, zo ka hau in koya maka. Ga kuloci, ga birki.

Ya dube ni kamar na ce ya cire wando a kasuwa.

"In hau?"

"To da me za ka yi?"

"Abin da ke ɗauke da ruwa ake hawa? A ina ka taɓa gani?"

Sai a lokacin na tuna. Duk tsawon rayuwata ban taɓa ganin Kawu a kan amalanke ba. A gefen hagu yake tafiya, hannu a wuyan jaki. A bazan in aka ga ga-ruwa ya ɗare kan dabbar da ke jan ruwa, ya gama da mutunci, ko gaisuwarsa da ƙyar za a amsa. Ashe duk wahalar nan da muke sha, ba don ya iya tuƙi a hankali ba ne. So yake ya taka a gefen babur.

Usta ya ajiye kofin shayinsa. "Alhaji, wannan ƙarfe ne. Ba ya gajiya, ba ya jin nauyi."

"Na ji kukan da yake yi ɗazu da yaron nan ya hau."

"Wannan giya ce."

"Ko ma mece ce. Kuma in na zauna a kan wannan ƙarar, wa zai ji matan gida? Ba leƙowa suke ba. Langa-langa suke ƙwanƙwasawa daga ciki. Sai kana tafe jikin danga za ka ji."

Usta ya shafa gemu. Ina tsammanin zai kore mu. Sai na ga idonsa ya fara wannan ƙyallin da yake yi in an kawo masa abin da ba a taɓa kawo wa kowa ba.

"Tayyib," ya ce. "To sai mu yi masa akumari."

Abin da ya yi ke nan. Ya ɗauko hannuwan amalanken nan biyu da ake ɗaura wa jaki, ya yi musu mazauni na ƙarfe a jikin babur, hagu da dama, yadda babur zai tsaya da kansa ko ba mai riƙe shi, amma ya iya karya kwana. Wurin sa giya a ƙafar dama yake, Kawu kuma a hagu yake tafiya, sai Usta ya yi waldar dogon rodi ya lanƙwaso shi ta saman tanki, ya sa masa kan katako. Ka tura gaba, tafiya. Ka jawo, firi. Ya ɗan ƙara silo, wato bugun inji in ba a taɓa totur ba, don kada ya mutu, ya cusa wa salansa wata ragar ƙarfe ya rage masa baki. Totur kuwa ya ce kada Kawu ya ko kalle shi.

Kik ne ya gagara. Gwiwar Kawu ba za ta iya ba. Aka dube ni. Na dubi sama. Haka na zama mai tayar da babur kowace safiya, ni da ko sallar asuba sai an yayyafa mini ruwa.

Mun yi kwanaki muna koyo a filin bayan bazan. Kawu ya iya da wuri, sai dai bai daina yi masa magana ba. In zai tsaya sai ya ce "hoo" sannan ya damƙe kuloci. Rannan da rana ta take na ga ya ɗebo ruwa a gwangwani zai watsa wa injin, wai ya ga yana huci. Na riƙe hannunsa da ƙyar, na ce Usta ya ce in ruwan sanyi ya taɓa shi da zafinsa tsagewa zai yi. Ya ce wace irin halitta ce wannan da ba ta son ruwa a Jidda. Daga ranar sai ya riƙa tsayar da shi a inuwar masallaci yana yi masa fifita da buhu.

Matsala ta ƙarshe rairayi ne. Akwai wani lungu a ƙarshen zagayen Kawu, mai ɗan tudu, rairayinsa laushi kamar gari. Da muka gwada, tayar baya ta tsaya tana juyi a wuri ɗaya tana watsa mana ƙasa a fuska. Usta ya ce ba nauyi a kanta, an yi babur ne don a zauna masa. Muka rage wa tayar iska, ta ɗan kama, ta sake sulɓewa.

"Kawu, ka hau na nan wurin kawai. Ba wanda zai gani. Zan rufe idona."

"Kai ka hau. Kai ba ga-ruwa ba ne, ba ka da mutuncin da zai zube."

Na hau na zauna kamar kaya, hannu a ƙirji. Babur ya kama ƙasa ya haye. Washegari na zo na tarar an ɗaure buhun rairayi a kan sirdi. Kawu ya ce sun gwada da wani yaro ya tayar musu, buhun ya yi aikina daidai, kuma bai ce komai ba tun safe.

Ana saura kwana kaɗan a fara duban wata, Kawu ya gaya wa babban bazan zai karɓi lungunansa. Afandi ya ji. Ya ɗauki hutun rabin yini ya zo da farar rigarsa, ya ce shi ma zai bi ya gani da idonsa, in abin ya ƙi, to magana ta ƙare, kujera na nan tana jira. 

"Afandi, ka zo da alƙalamin?" na ce. "Ko za ka rubuta wa babur iƙama, takardar zaman ƙasa?"

"Kai dai ka yi shiru. Duk kai ka zuga shi."

"Ni? Ni da aka kashe wa babur ina ji ina gani?"

Na buga kik, Kawu ya tura rodi, muka tashi. 'Yan ga-ruwa suka bar abin da suke yi suna kallo. Wani ya ce wa Kawu jakin nan nasa bai da kunne, Kawu ya ce ai shi ya sa ba ya jin maganar banza. Muka tsallaka kwalta, wata babbar mota ta danna hon, babur ko gezau. Muka shiga unguwa.

Safiya ce mai daɗi, iskar teku ba ta riga ta mutu ba. Babur na tafe yana tuf, tuf, tuf, ruwa a duro ko motsi ba ya yi, Kawu na gefensa jikin danga, kai a sunkuye. Can sai ka ji ƙwas ƙwas daga cikin langa-langa. Ya ce "hoo", ya jawo rodi, ya tara garwa, ya yi gyaran murya a bakin ƙofa ya ce "Ya Sattar, a ba da hanya," ya shiga. In ya fito wani lokaci da ɗan ƙunshi a hannu, dabino ko guntun masa. Yara suka biyo mu a baya, ba gudu, don ba abin da za a bi da gudu. Wani tsoho da ke zaune a ƙofar gidansa ya miƙo hannu suka gaisa da Kawu, suka tambayi iyali, suka yi maganar zafi, duk babur na tafiya, bai kai ga raba hannuwansu ba sai da suka gama.

Afandi na biye, yana tsallake kwata, yana ɗage riga. Ban ga ya yi dariya ba, amma na ga yana kallon ƙafafun ubansa. Ni ma na kalla. Gwiwar hagu ba ta miƙewa sosai, in ya ɗauki garwa biyu sai ya ɗan tsaya kafin ya ɗaga ƙafa. Ban tsokani Afandi a kan wannan ba.

Muka iso lungun tudu da sauran ruwa kamar kashi ɗaya cikin uku. Kawu ya gyara buhu, ya dafa tanki, ya yi 'yar ƙarar nan da harshe. Taya ta nutse, ta yi kamar za ta juya a banza, ta kama. Sarƙa ta yi ƙara, babur ya hau a hankali, yana haƙa yana fita, har muka tsaya a ƙofar gidan ƙarshe, wani ɗan gida na katako da ƙyauren langa-langa. Gidan wata tsohuwa ce da ke zaune ita kaɗai, idonta ya tafi, 'ya'yanta na Makka. Tun da jaki ya kwanta masu riƙon ƙwarya ba su cika hawowa nan ba, sai dai maƙwabta su sam mata a buta.

Kawu ya jawo rodi ya tara garwa. Afandi ya sha gabansa.

"Baba, na gani. Ya hau. Ban ce bai hau ba. Amma don Allah dubi abin nan. Mutum da babur, yana tafiya a ƙasa, an bar wa buhu sirdi. Gobe a wurin aiki za a ce ga ɗan mai jan babur."

"Ba ja nake ba. Tare muke tafiya."

"Gwiwarka fa? Ina kallonka tun daga bazan."

"Gwiwata a kan kujerarka za ta warke?"

"Aƙalla ba za ta ƙaru ba. Me ka rasa a gida? Abinci? Sutura? Mutane cewa za su yi na kasa riƙe ubana."

"Wa ya ce ka kasa?"

"Ba sai an ce ba. Ga azumi, ga rana. In ka faɗi a lungu fa? Wannan shashashan ne zai ɗauke ka?"

"Ni da buhu za mu haɗa ƙarfi," na ce.

"Ka ga? Ka ga irin mutanen da ka dogara da su?"

Garwa ta cika tana zuba a rairayi, Kawu ya rufe famfon duro. Bai ɗaga ta ba. Ya tsaya yana kallon ɗansa, na ga kamar maganar faɗuwar nan ta shige shi. Babur na gefe yana tuf, tuf. Afandi ya ga ya samu ƙofa, ya sassauta murya, ya fara lissafa masa yadda za a yi: samari su karɓi lungunan, shi ya huta, ya riƙa zuwa masallaci a kan lokaci, jikoki na zagaye da shi.

Sai ƙyauren langa-langa ya motsa kaɗan, muryar tsohuwar ta fito ta tsakanin katako, a hankali, kamar mai tambayar ƙarfe nawa.

"Wane ne wannan mai daɗin baki? Ɗanka ne, Alhaji?"

"Shi ne, Hajiya."

"Allah ya yi masa albarka, ya iya tausayi. To ɗana, ka kai shi gida ya huta. Kai kuma naɗe rigarka ka ɗauko garwar, randa na nan hannun dama in ka shigo. Gobe ma war haka nake so, kada ka makara."